Gwiwar Wandon Maigidana

Ni tela ce, kuma idan aka ce in faɗi abin da na fi ɗinkawa a rayuwata, ba kayan makaranta ba ne, ba labule ba ne. Facin gwiwar wandon mijina ne. Wando sabo fil zai shigo gidan nan, kafin ya ga wanki na kirki gwiwar ta yi fari, ta yi laushi, ta buɗe baki. In yi faci, ya cinye facin, in ɗora wani a kai. Har maƙwabta sun san idan suka ji ina mita a kan keken ɗinki da safe, to ba da mai kaya nake ba, da maigida nake.

Littattafan yara yake rubutawa, irin waɗanda ake ba 'yan shekara tara zuwa sha huɗu. A bangon littafi sunansa na yanka ake bugawa, amma a layinmu ba mai kiransa da shi. Yara ne suka sa masa Malam Durƙusau, manya suka karɓa, shi kuma yana amsawa ba ko kunya. Ni Malam nake ce masa. Shi Tela yake ce mini, ko a gaban baƙi, ko a gaban surukai.

Bara ya ce ya daina rubutu. Wanda bai san shi ba zai ce to mene ne a ciki, mutum ya haura sittin, ya ajiye alƙalami ya huta. Ni da na zauna da shi na san ba hutu ba ne. Mutumin nan idan ba ya cikin wani labari, ko shayi ba ya jin ɗanɗanonsa. Na san in har ya tsaya a kan maganar, to abin da zai rage mini a gida jikinsa ne kawai, shi kansa ya riga ya tafi. Abin da na ji tsoro ke nan, kuma shi ya sa na yi abin da na yi. Amma sai na fara daga farko, don a san wane irin mutum ne.

A kantin takalma na fara ganinsa. Na raka ƙanwata a saya mata takalmin makaranta, shi ne ma'aikacin da ke durƙusawa yana gwada wa yara. Dogo ne har abin ya yi yawa, idan zai durƙusa sai ya ninke kansa gida uku kamar yadi. Ina ta zuba masa bayani daga sama, kaza nake so, kaza ba na so, baƙi za a ba mu don ba ya nuna dauɗa. Bai ko ɗago ba. Sai na ji ya yi ƙasa da murya ya ce wa yarinyar, "Ke fa, yana matse ki?" Ta ɗaga kai alamar e. Ni ban ma tambaye ta ba. Haushi ya kama ni, na ce a raina wannan ma'aikaci ya cika shisshigi. Ban san shisshigin nan zan aura ba.

Bayan mun saba ya ba ni labarin abin da yake gani daga ƙasan nan. Uba zai danna bakin takalmi da babban yatsa ya ce, "Ƙaro lamba ɗaya, ya kai shi baɗi." Uwa ta ce kalar ba ta yi ba. Mai kanti ya ce an rage. Mai ƙafar kuwa yana zaune yana kallon siminti, ba wanda ya tuna da shi aka zo. Ya ce akwai wani yaro da ya rantse takalmi ya yi masa daidai, alhali shi Malam yana jin yatsun a nannaɗe a ciki. Yaron ya dubi fuskar babansa ne ya ga gajiya, ya ga sun sha yawon kantuna, sai ya zaɓi ya sha matsi da a ce a ƙara shiga wani. Malam ya ce a ranar ya koma ɗakinsa ya kasa cin abinci, sai ya ɗauko takarda.

Littafinsa na farko Takalmin Baɗi ya sa masa suna. Yaro ne aka saya wa takalmin da ya fi ƙafarsa, yana cusa takarda a baki, yana tafiya yana ja don kada ya cire a gaban mutane. Ya daina gudu a filin makaranta, aka cire shi daga 'yan ƙwallo, kuma a gida ba wanda ya san dalili. Babu aljani a ciki, babu dabba mai magana, babu wani attajiri da ya zo a shafin ƙarshe da sabon takalmi. Ƙafar ce kawai ta girma ta cika shi, lokacin kuwa abokansa sun riga sun saba buga wasa ba da shi ba.

Editar kamfanin da ya kai wa, wata mace ce mai gilashi a kan hanci, ta karanta ta ce, "Malam, labari ya yi daɗi, amma ina darasin? Me yaro zai koya?"

Ya ce, "Hajiya, yaro ya san takalminsa ya yi masa yawa, ba sai na koya masa ba. So yake ya ji wani ya lura."

Ta riƙe takardun har muka fid da rai, sannan suka buga 'yan kaɗan. Malaman makaranta ba su yi ɗokinsa ba. Yara ne suka riƙa aron sa hannu da hannu har bangon ya rabu da cikin. Sai aka sake bugawa. Bai bar kantin takalma ba sai da ya yi littattafai da dama, kuma ko bayan ya bari ba wani arziki aka yi ba. Keken ɗinkina ne ya riƙe gidan a shekarun farko, kuma ban taɓa barin ya manta ba.

Barin kantin ne ya jawo wa wanduna bala'i. Malam ya kafa wa kansa doka, wai duk wurin da yaron labarinsa zai tsaya, sai shi ya je wurin ya durƙusa ya gani daga tsayin yaron. Ofishin shugaban makaranta, ya je ya nemi izini ya durƙusa gaban tebur. Ɗakin jira na asibiti, bakin titi inda ake jiran mota, shagon aski, har kicin ɗina, ina aiki ina tsallake shi. Ya dawo yana ba ni rahoto kamar wanda ya je wata ƙasa. Wai ƙarƙashin kowane tebur akwai cingam. Wai yaro ba fuskar babba yake fara gani ba, kan bel yake gani, da makullai, da ƙasan haɓa, da cikin hanci. Wai hayaƙin mota daidai bakin ɗan shekara takwas yake fita. Wai idan babba ya yi fushi, hannu ne ke fara faɗa, tun kafin baki. Ni dai in ce, "To madalla, miƙo wandon."

Wata rana a tashar mota ya durƙusa gaban tagar sayar da tikiti. Wani bawan Allah ya zaci wani abu ya yar, ya durƙusa yana taya shi nema. Wani ya gani ya shigo. Kafin a jima an yi da'ira, kowa na lalube a ƙasa. Kunya ta hana Malam faɗin gaskiya, da aka matsa masa sai ya ce maɓalli ne. Wata tsohuwa kuwa ta tsinto maɓalli ta damƙa masa, ya yi ta godiya. Ya kawo mini shi gida. Yana nan a wuyan wata rigarsa, bai dace da sauran ba.

Ko 'ya'yanmu biyu, Babba da Auta, idan zai yi musu faɗa sai ya durƙusa. Da ya ga idonsu daga kusa sai faɗan ya narke, ya koma tambaya. Ni na zama muguwar gidan, kuma na karɓi muƙamin don dole wani ya riƙe shi.

Haka littattafan suka yi ta zuwa, kusan duk shekara biyu ɗaya. Akwai na yaron da ya maimaita aji, ƙaninsa ya tarar da shi a benci ɗaya. Akwai na yarinyar da iyayenta suka daina magana da juna, suka mai da ita 'yar aike a cikin ɗaki ɗaya, "faɗa wa babanki", "ce wa mamanki", ita kuma tana rage zafin maganar a hanya. Makarantu suka fara gayyatarsa. Na taɓa raka shi wata, bayan ya gama karatu wata yarinya ta tsaya har kowa ya fita, ta matso ta ce, "Malam, wa ya ba ka labarin gidanmu?" Ya durƙusa ya ce ba kowa. Ba ta yarda ba, amma ta tafi da sauƙi a fuskarta. A mota ya ce mini wannan ya fi masa duk wata takardar yabo da ke rataye a bango, na ce ai takardar yabo dama ba a cin ta.

Gwiwa dai gwiwa ce. Tun yana hamsin da wani abu ta fara ƙara. Likita ya ce ya bar durƙuso a kan siminti, ya ce to, ya fito ya durƙusa a bakin asibitin don ya ga yadda ƙofar take daga ƙasa. Na riƙa yanka soso ina ɗinke masa a cikin wando. Ya kai sai ya dafa tebur kafin ya miƙe, daga baya sai an ba shi hannu. Sannan wata safiya ƙafar ta ƙi ɗaukarsa a bakin banɗaki, ya faɗi ya karya kwatangwalo. Aka yi aiki. Ƙashin ya haɗu, amma gwiwoyin sun riga sun ƙare, likita ya ce daga gado zuwa kujera ne iyakar tafiyarsa. Auta ta sayo keken guragu. Na ce yanzu gida ya zama mai keke biyu, nawa da nasa. Bai yi dariya ba.

Lokacin yana tsakiyar wani littafi. Labarin wata yarinya ce da mahaifiyarta ta kwanta ciwo, duk aiken gida na waje ya dawo kanta. Ya kai babin da za ta je kantin magani ita kaɗai a karon farko. Bai riga ya je ya durƙusa a can ba ya faɗi.

Ya ƙi fita. Ko ƙofar gida ya ce kada a kai shi. Masu dubiya su zo su zauna, su dube ni su ce, "Ya jikin nasa? Yana samun barci?" In amsa, da sauƙi, yana samu. Shi yana nan a kekensa yana kallon taga. Editar ta zo da kanta, ta tsufa ita ma, gilashin ya ƙara kauri. Ta ce ya rubuta babin daga abin da ya riga ya sani, ai ya sha shiga kantin magani.

Ya ce, "A tsaye na sha shiga. Abin da ban gani ba, ba na rubuta wa yara. Na gama, Hajiya. Allah ya saka da alheri."

Da ta tafi ya sa Auta ta kwashe takardun ta zuba a kwali ta kai gidanta. Daga nan ya rage cin abinci. Ya daina tsokanata. Abin da ya fi damuna, ya daina kirana Tela, in yana son abu sai ya yi gyaran murya kawai. In buɗe durowa in ga wanduna a jere, gwiwoyinsu lafiya lau kamar ranar da aka saya, sai gabana ya faɗi. Ni da na yi shekara da shekaru ina roƙon Allah ya raba ni da faci.

Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Malam, ni ban ga abin baƙin ciki ba. Ga ka a zaune, yanzu tsayinka ɗaya da yaran. Ai an hutar da kai durƙuso ne. In tura ka, ka gani, ka rubuta."

Ya dube ni ya ce, "Kada ki yi mini wayon da ake yi wa yaro in za a ba shi magani."

To, tunda ya ce wayo, sai na yi wayon. Likita ya ce a riƙa auna masa jini, muna da ɗan abin awo a gida. Na cire batirin na ɓoye a gwangwanin maɓallai, na ce ya lalace. Na ce kantin maganin da ke ƙarshen layi suna awo, kuma dama maganinsa ya kusa ƙarewa. Ya yi tsaki, ya ce a miƙo masa hula. Ni a tunanina da ya ga dogon teburin nan daga ƙasa, hannunsa zai fara ƙaiƙayi da kansa.

Da hantsi muka fita. Ban taɓa sanin layinmu ba shi da kyau ba sai ranar. Kowane murfin kwata da tsayinsa, kowace ƙofa da ɗan tudunta. Mai gyaran babur ya gaishe ni, ya ce, "Mama, jiki ya yi sauƙi ke nan, har an fito da shi." A bakin kantin akwai matakala. Wasu samari biyu suka taso da saurinsu, suka kama keken hagu da dama suka ɗaga suka dire a ciki. Kirki suka yi, amma ba wanda ya ce masa za mu ɗaga ka. Na ga ya damƙe hannun kujerar.

Kantin a cike yake, fanka na juya zafi. Teburin gilashi ne mai tsayi, ya kai ƙirjina. Na kutsa na miƙa takardar likita. Saurayin da ke sayarwa ya leƙo ya ce, "Mama, yana iya haɗiye ƙwaya, ko a ba shi na ruwa?"

Na ce, "Yana haɗiya."

Sai bayan na faɗa na ga bakin Malam a buɗe, zai amsa. Ya rufe. Aka ce mai awon ya ɗan fita, mu jira. Na ja keken gefe kusa da bango inda ba zai tare hanya ba, na taka birki, na koma bakin tebur, taku kaɗan tsakaninmu.

A gefen nan akwai wata yarinya, ba za ta wuce shekara goma ba, da kayan makaranta. Ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa, ta ɗora takardarta a bakin teburin ta danne da yatsa ɗaya. Manya na miƙa tasu ta saman kanta. Ta gaji ta sauke dugadugi, sai idonta ya haɗu da na Malam, don tsayinsu ɗaya.

Ta ce, "Baba, kai ma aiko ka aka yi?"

Ya ce, "A'a, ni kawo ni aka yi."

"To kai ka ji daɗi, kana da mai yi maka magana."

"Tun yaushe kike nan?"

"Tun kafin mai jar rigar can. Da matar nan mai jaka. Da ku."

"Me ya sa ba ki yi magana ba?"

"Na yi. In na ƙara sai a ce ba ni da kunya. Shi ya sa nake riƙe takardar, in na saki sai a ture ta."

Malam ya gyara murya, muryar nan tasa da ke cika aji ba lasifika. Ya ce, "Samari, yarinyar nan ta riga kowa zuwa. A sallame ta."

Saurayin ya ɗago. Ya ji maganar sarai, amma ba Malam ya duba ba, ni ya duba. Ya ce, "Mama, wani abu yake so ne?"

Abin da ya biyo baya har yanzu ba na son tuna shi. Malam ya dafa hannun kujerar da hannu biyu ya tura. Miƙewa zai yi. Duk rayuwarsa abin da yake yi ke nan, idan ya gama durƙuso ya miƙe, kansa ya kusa taɓa fanka, kowa ya ja baya ya ce ranka ya daɗe. Ya ɗago kamar faɗin yatsa, ya koma ya zauna.

Yarinyar ta ɗan taɓa hannun rigarsa. Ta ce, "Bari kawai, Baba. In sun gama da manya za su gan mu."

Ni kuwa na sauke wa saurayin nan abin da ke raina. Na ce da kai yake magana, ga shi nan, kunnenka ƙalau. Ya ba da haƙuri, ba mugun yaro ba ne, ya karɓi takardar yarinyar. Ta karɓi maganinta ta ce mini na gode Mama, ta ɗaga wa Malam hannu ta fita da gudu. Ba mu sake ganinta ba. Awon ma ba mu tsaya ba, ya ce in mai da shi gida.

Muka kamo hanya. Ina tura shi ina kallon ƙeyarsa, ina cewa a raina shi ke nan, na fito da shi don in tashe shi, na ƙarasa shi. Abincin rana ya dawo yadda na kai. Na zauna a kan keken ɗinki na kasa taka shi. Na yi kuka kaɗan, na share da ƙyallen wata mata.

Rana ta yi sanyi sai na ji daga ɗaki, "Tela."

Na tashi har ina tuntuɓe da kujera. Na same shi ya juyo da keken daga taga, da kansa.

Ya ce, "Zauna." Na zauna a bakin gado. Ya ce, "Shekara da shekaru ina durƙusawa, ina cewa na ga abin da yaro ke gani. Na gani, ba ƙarya. Amma ko yaushe na san in na gaji zan miƙe a ba ni hanya. Ziyara nake kai musu, Tela. Yaro ba ya miƙewa. Yana da gaskiya, ya faɗa, an ji, amma sai a tambayi wanda ke tsaye a bayansa. Duk littattafan can babu inda na rubuta wannan, don ban san shi ba."

Na ce, "To yanzu sai a ƙone su?"

"Wa ya ce a ƙone? Ki ce wa Auta ta dawo da kwalin nan." Sannan ya ce, "Gobe ki sake kai ni. Ki ajiye ni a layin masu saye, ki ba ni takardar a hannu, ki fita waje. Ko me kika gani kada ki shigo."

Na ce, "Malam, ba zan iya ba."

Ya ce, "Za ki iya. Kuma ki mayar da batirin mutane inda kika cire shi."

Na yi aiki mai wuya a rayuwata, amma ban yi wanda ya kai tsayuwar nan a bakin kantin magani ba. Wani ma'aikaci ne daban a kan tebur. Ina leƙe ta gilashi, ina ganin mijina, mutumin da makarantu ke tashi tsaye in ya shigo, ya ɗora takarda a bakin tebur ya danne da yatsa ɗaya. Ana miƙa hannu ta saman hularsa. Wani ya ture keken gefe da gwiwa don ya wuce. Ma'aikacin ya waiwaya yana neman wanda ya kawo shi. Ƙafata ta motsa, na riƙe ƙarfen ƙofar na tsaya. Da aka sallame shi daga ƙarshe, ya juyo, na ga fuskarsa. Ba ta farin ciki ba ce. Amma leɓensa na motsi, kuma na san wannan motsin, jimla yake gwadawa.

Daga nan muka shiga zagaye. Tashar mota, ofishin biyan kuɗin wuta, ɗakin jira na asibiti, duk inda ya taɓa durƙusawa sai da ya koma a zaune, ni ina waje ina cizon yatsa. Ya dawo ya ɗora katako a kan hannuwan kujerar ya yi ta rubutu har a kira shi cin abinci sau biyu. Ni ma na canja hali. In mai dubiya ya dube ni ya ce ya jikin nasa, sai in sa zare a baki in kama neman kafar allura. In shirun ya yi yawa, dole ya juya ya tambayi mai jikin.

Babin kantin maganin ya fi kowane tsawo a littafin, kuma ba abin da ke faruwa a ciki sai jira. Na ce ya sa wani dattijo a keke mana, ya yi magana a sallami yarinyar labarin. Ya ce a'a, yawancin ranaku babu dattijon. Editar ta ce ta ba jikarta ta karanta, yarinyar ta kai babin nan ta ajiye littafin ta fita tsakar gida, sannan ta dawo ta ɗauka. An buga shi a farkon shekarar nan. Ya riga ya fara wani.

Yanzu ba ya yarda in tura shi sai a tudu. Da hannunsa yake juya tayoyin, ya je ƙarshen layi ya dawo, yara na bin sa suna Malam Durƙusau, ba su ga dalilin canja suna ba. Shekaranjiya ya shigo ya cire riga ya ajiye mini a kan keken ɗinki. Bakin hannuwan biyu sun yi baƙi, taya ta cinye su, zare duk a waje.

Na ce, "Malam, rigar da ko wata biyu ba ta yi ba? Ni kam an halicce ni ne don in yi maka faci?"

Ya ce, "Wa ya ce ki auri ma'aikacin kantin takalma?"

Na jawo gwangwani na zaɓo ƙyalle mai kauri. Na ɗauki allura, na kasa ganin kafar, idona ya cika. Ya tambaya lafiya, na ce tsufa ne, ya matso da kekensa ya karɓa ya zura mini zaren.